Taransifoma ko cajar laptop: wanne za ka ba amfilifayarka ta farko?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi allon amfilifaya mai IC (ƙaramar na'urar da ke ƙara sauti) TDA2030, allon yana da ƙafafun wuta uku, kana da taransifoma 12-0-12 da ka ciro daga tsohuwar rediyo, ga kuma cajar laptop mai 19V a ajiye, kana tambayar wadda za ka jona. Allon da ke hannunka ya riga ya yanke hukunci: taransifomar yake nema, domin ƙafafun nan uku wuta biyu suke so, ta fulos da ta mainos, da giraun (layin 0V) a tsakiya. Amma bari in ajiye maka su biyun gefe da gefe, don ka san dalili.

Cajar laptop wuta ɗaya take bayarwa, fulos da giraun, a tace, ba ta hawa ba ta sauka. Duba bayanta, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240V. Ko NEPA ta kawo lo-karan, ko kana kan janareta, 19V ɗinka na nan daram. Ba ka taɓa wayar 230V da hannunka, domin komai a rufe yake cikin roba. Ga ɗan koyo wannan babban abu ne, kuma ni a nan nake fifita ta. Matsalarta ita ce sai IC ɗin da aka yi don wuta ɗaya. TPA3116 na karɓar har 26V, don haka ita da caja sun dace sosai. TDA7297 kuwa 18V ce iyakar aikinta, kada ka ba ta 19V, batirin sola mai 12V ya fi mata. A kula da cajojin jabu marasa nauyi, su ne ke cusa tsiwa siririya a lasifika.

Taransifoma aikinta ya fi yawa. Abin da ke fitowa daga cikinta AC ne, wuta mai kai da komowa, kai za ka mayar da shi DC, mai bin hanya ɗaya. Wayoyin gefe guda biyu su tafi ƙafafun burij diyod (haɗin diyod huɗu da ke mayar da AC zuwa DC) masu alamar ~, ta tsakiya kuma ita ce giraun ɗinka, ba ta shiga burij ko kaɗan. Daga fulos na burij ka samu wutar sama, daga mainos ka samu ta ƙasa. Idan diyod huɗu za ka haɗa da kanka, ɗauki 1N5408 masu ɗaukar 3A, ka bar 1N4007 da iyakarsu 1A.

Sai kafasito biyu, 4700uF kowanne, mai 25V, ko 35V in ka samu. Na farko, ƙafarsa ta fulos a wutar sama, ta mainos a giraun. Na biyu shi ne ke yaudarar mutane: ƙafarsa ta fulos ce ke zuwa giraun, mai farin zane a jiki ta tafi wutar ƙasa. Ka juya shi, zai yi zafi, kansa ya kumbura, ya fashe da ƙara. Duba shi sau biyu kafin ka sa dalma. Kusa da ƙafafun IC kuma ka liƙa ƙananan kafasito masu lamba 104, ɗaya a kowane layi.

Kada lambar 12 ta ruɗe ka. Bayan burij da kafasito wutar na ninkuwa da 1.4, mitarka za ta nuna wajen 16V sama, 16V ƙasa, har ta ɗan zarce in babu lodi. TDA2030 iyakarta 18V kowane gefe, mai harafin A a ƙarshe tana jure 22V. Kuma taransifoma bin NEPA take, wuta ta hau ita ma ta hau, ta sauka sautinka ya shaƙe. Shi ya sa na fi son mai A, kuma ban yarda da 15-0-15 a kan maras A ba.

Bayan IC ɗin TDA2030, wato ƙarfen da ake ɗaure noti, haɗe yake da wutar ƙasa. In ka ɗaure shi a ƙarfen sanyaya da ke taɓa akwati, ka yi shot. Sa takardar maika, wadda ba ta barin wuta ta wuce, a tsakani, da wosha ta roba a notin.

Game da gurnanin da lasifika kan yi, duk wayoyin giraun su taru wuri ɗaya, tsakanin manyan kafasito biyun nan, kuma wayar shigar sauti ta yi nesa da taransifoma.

Ana iya tafiyar da TDA2030 da wuta ɗaya, amma sai an canza tsarin allon an ƙara babban kafasito kafin lasifika, ƙarfin kuma da 19V kaɗan ne. Bai cancanci wahalar ba.

Don haka yi amfani da taransifomar, in har tana ba da 2A ko fiye. Sa fis a wayar da ke shigowa daga bango, ka naɗe duk mahaɗar 230V da tef. Kunnawar farko kada ka jona allo: auna layukan biyu da mita tukuna, ka tabbatar sun yi kusan daidai. Sannan ka jera tsohon ƙwan fitila mai zare, 60W, a layin shigowar wuta, ka jona allon ka kunna. Ya yi haske ya dushe, lafiya lau. Ya tsaya da haske sosai, cire filogi ka nemo shot, amma fara sauke cajin kafasito ta hanyar resisto kafin ka kai yatsa.