Garejin da ya hana a sauke min kan inji, amma ya ɓata min rai a kan fanka

Masu tambayata inda na kai Corolla ɗina bayan ta yi obahitin, wani gareji ne ta wajen Ƙofar Ruwa a Kano, kuma da abin da ogan wurin ya yi da farko kaɗai zan duba, da taurari biyar zan ba shi ba tare da na yi tunani ba.

Motar ƙirar 2006 ce. Ina dawowa daga Zariya, wajen Kwanar Ɗangora allurar zafi ta haura ja, tururi na fitowa ta ƙarƙashin bonet. Na bari ta huce, na ɗura mata fiya wata, na lallaɓo gida. Bakaniken unguwarmu ko bonet bai gama ɗagawa ba ya yanke hukunci: top gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, sai an sauke kan inji. Kun san abin da wannan aiki yake ci yanzu, ga gaskit, ga kai kan wurin masu gogewa, ga kuɗin hannu. Surukina ne ya ce kada in yarda sai wani ya sake dubawa.

Da na kai ta garejin na Ƙofar Ruwa, ogan ko sifana bai ɗauka ba. Ya zaro gejin baƙin mai, ya kwance murfin mai ya leƙa, babu wannan farin kumfa mai kama da madara da ake gani idan ruwa ya shiga mai. Ya sa aka tayar da motar, ya tsuguna a bakin salansa, babu farin hayaƙi. Da yake injin a sanyaye yake, ya buɗe murfin lagireto yana kallon ruwan ko zai yi ta ɓulɓulo da iska. Shiru. Sai ya ce, "Alhaji, gaskit ɗinka bai yi laifi ba tukuna. Ruwa dai yana gudu, bari mu ga ta ina."

Nan ya ɗauko wani ɗan famfon hannu mai agogo, ya ɗaura a bakin lagireton, ya buga iska har allurar ta kai 1.1, lambar da ke rubuce a kan murfin. Muka zuba ido. Allurar ta fara sauka a hankali, can sai ga ruwa yana tsattsafowa daga wata tsaga siririya a tankin robar da ke saman lagireton, dab da wuyan da tiyon sama yake shiga. Wallahi da ido kawai ba za ka gan ta ba. Ya ce shi ya sa ban taɓa ganin ruwa a ƙasa inda nake ajiye motar ba: tsagar ba ta buɗewa sai inji ya yi zafi matsi ya taru, ruwan kuma yana fitowa yake ƙafewa. Ya nuna min farin tabon da ya bari a jikin robar. Na tsaya ina kallon wannan ɗan tabo ina tuna kuɗin da saura ƙiris in zubar.

Na ce a liƙe da gam, ya ƙi. Ya ce robar ta tsufa, an toshe nan za ta fashe can. Muka sa sabon lagireto da sabon murfi, don robar tsohon murfin ta cinye, kuma murfin ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Ya kuma tarar babu tamostat a motar, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, wani ya cire tun kafin ta zo hannuna, irin al'adar nan ta cewa ƙasarmu da zafi. Ya dage sai an mayar, mai buɗewa a digiri 82, aka wanke tsatsar ciki aka zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji, mai launin ruwan hoda.

To amma a nan yabon ya tsaya. Oga ya bar wa yara haɗawa ya tafi kasuwa. Na karɓi mota da yamma, na shiga cunkoson Kurna, sai ga allura ta sake ɗagawa. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, gaskit ɗin ne. Na kashe mota a gefen titi na ɗaga bonet, fanka tsit. Soket ɗinta na lilo, yaron da ya ɗaura lagireton bai mayar ba! Haba jama'a. Motar da aka kawo saboda zafi, a sallame ta ba a jira an ga fanka ta tashi ba? Kan injin nan na alminiyom ne, zafi ɗaya mai kyau ya isa ya lanƙwasa shi, da sai a jawo min ainihin ciwon da aka ce babu.

Da na kira ogan bai yi musu ba, ya turo yaro a babur ya jona, aka fitar da iskar da ta maƙale, aka cika ruwa. Amma ko "yi haƙuri" ban ji daga bakinsa ba, sai faɗan da ya hau yaron da shi a waya. Wannan ya tsaya min a rai fiye da soket ɗin.

Tun daga ranar allura na zaune a tsakiya, na je Kaduna na dawo da esi a kunne, ruwa bai ragu ba. Taurari uku da rabi na ba shi. Zan koma idan matsalar gano ciwo ce, amma zan tsaya a kan yaran har fanka ta tashi ta mutu a gabana. Kuma kulan galan biyu aka caje ni, ragowar ta biyun har yau ana ce min za a aiko.