Borin Jini: Wane Magani Ya Kamata Ka Ajiye A Gida?

Idan borin jini ya tashi, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ƙaiƙayi ya hana sukuni, abin da 'yan kemis da yawa a Kaduna ke fara miƙo maka shi ne Piriton. Yana aiki, ga araha. Sai dai ƙwayar miligiram 4 ce, ana maimaita ta bayan awa 4 zuwa 6, kuma barci take sawa. Ƙanena mai tuƙa keke ya sha ta da safe, kafin ya kai Kawo ido ya fara lumshewa, dole ya sauke fasinja.

Ni dai cetirizine nake ajiyewa. Ƙwaya ɗaya, miligiram 10, ta ishi babban mutum har gobe warhaka, kuma cikin awa ɗaya ƙaiƙayin kan fara lafawa. Tana ɗan kashe wa wasu jiki, amma ba ta kai Piriton ba. Akwai ta ruwa don yara. Mai ciki da mai ciwon ƙoda su fara tambayar likita. Loratadine ma, wani maganin borin jinin, ba laifi. Phenergan kuwa barcinsa ya yi yawa, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba.

Duk wannan zaɓi banza ne in jabu ka saya. Rabu da masu talla a tasha, waɗanda maganinsu ke yini a rana. Kada ka yarda a yanko maka ƙwaya biyu daga kati a ƙulle a leda. Ka ce a ba ka kwalin ka gani. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, in an goge ko an manna wata takarda a kai, ajiye musu kayansu. In akwai wurin kankarewa, kankare ka tura lambar da ta bayyana ta saƙon waya, kamar yadda aka rubuta a kwalin, don ka tabbatar ba jabu ba ne, tun kana tsaye a shagon.

Amma fa in zuma ta harbi mutum, ko ya ci gyaɗa, sai leɓe da harshe suka kumbura, murya ta dushe, numfashi na sarƙewa, jiri na ɗibarsa, babu ƙwayar da za ta buɗe maƙogwaro. Allurar adrenaline a cinya ake buƙata, cikin mintoci. A garzaya da shi asibitin Barau Dikko, ko na Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ko duk asibitin da ya fi kusa, kuma kada a bar shi ya taka da ƙafarsa.