Kallon wasan bibbiyu na maza a Wimbledon: wane tikiti ya dace ka saya?

Wanda ke son ganin manyan taurarin wasan ɗaiɗai a gasar tennis ta Wimbledon, dole ya buɗe bakin aljihu. Mai son wasan bibbiyu na maza kuwa ya yi sa'a, domin a makon farko tikitin da ya fi araha shi ne ya fi yi masa amfani.

Ana yin gasar ne a kudu maso yammacin Landan, mako biyu, daga wajen ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Ƙungiyoyi 64 na mutum bibbiyu ke shiga ɓangaren maza, yawanci su fara a Larabar makon farko. Masu tsara jadawali ba sa kai zagayen farko na wannan wasa manyan filaye, sai su watsa shi a ƙananan filayen da ke waje. Tikitin da ake kira Grounds Pass shi ke buɗe maka waɗannan filayen, har da kujerun da ba a keɓe wa kowa ba a filaye masu lamba 3, 12 da 18. A 2025 kuɗinsa fam 30 ne a kwanakin farko, yana raguwa idan gasa ta yi nisa.

Kusancin da za ka samu a can ya fi arhar muhimmanci. Wasan bibbiyu a gaban raga ake cin sa, kuma ƙwallon ba ta daɗewa a sama, musamman a kan ciyawa inda take zamewa ƙasa-ƙasa. Daga kujerar da ke 'yan taku kaɗan da layin fili, za ka ga ɗan wasan da ke bakin raga ya kai hannu bayansa yana yi wa abokinsa ishara da yatsu: inda abokin zai aika ƙwallon, da ko shi zai tsallaka ya tare ta ko zai tsaya. Za ka ji raɗar da suke yi tsakanin maki da maki. Daga saman Centre Court, babban filin gasar mai ɗaukar mutum kusan 15,000, duk wannan ya wuce ka. Kuma tun 2023 da aka rage wasan daga turmi biyar zuwa uku, kana iya kallon karawa uku ko huɗu kafin duhu.

Wahalar Grounds Pass layi ne. Ranar wasa ake sayar da shi ga waɗanda suka bi layi a Wimbledon Park, mutum ɗaya tikiti ɗaya, ba a riƙe wa wani wuri. Ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Southfields da sassafe, a ba ka katin layi mai lamba, ka jira. Ana buɗe ƙofa ƙarfe 10, wasa ya fara 11 a ƙananan filaye. Da kati ake biya, ba a karɓar tsabar kuɗi. Ƙananan filayen ba su da rufi, Centre Court da No.1 Court kaɗai ke da shi, don haka ranar da ruwan Ingila ya sauko sai haƙuri.

A layin nan kuma ana sayar da tikiti kusan 500 na kowane ɗaya daga manyan filaye uku (Centre Court, No.1 Court da No.2 Court), amma masu samunsu galibi a tanti suka kwana. Kwanan sanyi don wasan bibbiyu a makon farko asara ce, tunda abin da ka zo nema yana waje. Idan dai kana son leƙa babban fili, jira bayan ƙarfe 3 na rana, lokacin da ake sake sayar da kujerun waɗanda suka tafi gida. A 2025 fam 15 ne na Centre Court, fam 10 na sauran biyun, kuɗin kuma gidauniyar agaji ta gasar suke tafiya.

Sai ƙuri'ar neman tikiti. Ana cike ta a intanet tun wajen Satumban shekarar da ta gabata, farashinta na hukuma ne, sai dai ba kai ke zaɓen rana ko fili ba. Abin da ya faɗo maka shi ne rabonka, kuma haramun ne ka sayar wa wani. Tikitin da aka yarda a sake sayarwa shi ne na masu takardar debenture, waɗanda suka sayi kujera ta shekara biyar; ta Centre Court daga 2026 zuwa 2030 an sayar da kowace a kan fam 116,000, ka ga kuwa tikitin kwana ɗaya daga hannunsu ba na talaka ba ne. Duk wani tikiti da aka yi maka tayinsa a bayan fage, ana iya soke shi a bakin ƙofa.

Lissafin yana canjawa a mako na biyu. Ƙungiyoyi sun ragu, karawar ta koma manyan filaye, Grounds Pass ya rage daraja. Wasan ƙarshe a Centre Court ake yin sa ranar Asabar ta biyu, rana ɗaya da wasan ƙarshe na mata, kuma a kwanaki huɗun ƙarshe ba a sayar da tikitin wannan fili a layi. Wato za ka biya kuɗin wasan mata ne a ba ka na bibbiyu gyara. A 2025 an dawo da na bibbiyun gaba da na mata, ƙarfe 1 na rana, inda Julian Cash da Lloyd Glasspool suka zama 'yan Birtaniya biyu na farko da suka ɗauki kofin tare tun 1936.

Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar yana buƙatar biza, don haka layi ya fi ƙuri'a sauƙin tsarawa: kai ka san ranarka. Ka zaɓi Alhamis ko Juma'ar makon farko, ka duba jadawalin da ake fitarwa tun yammacin jajibere, ka riƙe rigar ruwa da guzurinka, an yarda a shiga da abinci.