Sharhi kan darasin muhawara ta intanet: ƙaddara ko dace?

Zaman minti 90 ne. Malami yana gabatarwa na minti 30, sai a raba ɗalibai gida biyu, kowane mai magana minti 5.

Ɓangaren ƙaddara ya tsaru. An bi matakanta 4: ilimin Allah, rubutawa, nufi da halitta, sannan aka bambance Jabariyya (masu cewa mutum ba shi da zaɓi) da Ƙadariyya (masu cewa mutum ne ke samar da aikinsa da kansa), har da kasbu na malamin aƙida Ash'ari (Allah ne ke halittar aiki, mutum kuma ya ɗauki alhakinsa). Wanda ke ɗauka imani da ƙaddara naɗe hannu ne zai ƙaru sosai a nan.

Ɓangaren dace ne ya yi rauni. An ambaci wasiƙun masana lissafi Pascal da Fermat na 1654 kan lissafin yiwuwa, an jefa ɗan lido biyu, an nuna jimillar 7 na fitowa ta hanya 6 cikin 36. Sai aka tsaya. Ba a fayyace cewa lissafin yiwuwa yana auna abin da mutum bai sani ba ne, ba hujjar rashin sababi ba. Shi ya sa muhawarar ke rikiɗewa ta koma cacar baki, kowa da ma'anar da yake nufi da dace.

Alƙalin zaman kuma yana barin masu ɗaga murya su cinye lokacin wasu. A ba shi agogo.