Dracula mai sharhi a gefe: bugun Leslie Klinger a hannun malami

Shekara uku ke nan ina karanta wa ɗalibaina Dracula, labarin tsoro na Bram Stoker a kan wani mai shan jinin mutane, wanda ya fara fitowa a 1897, amma sai a bana na samu bugun The New Annotated Dracula, wanda Leslie S. Klinger ya yi wa sharhi, kamfanin W. W. Norton ya buga a 2008 da gabatarwar marubuci Neil Gaiman. Littafi ne mai kauri da nauyi, na ajiyewa a kan tebur, inda rubutun Stoker yake tafiya a gefe guda na shafi, bayanai fiye da dubu suna biye da shi tare da hotuna.

Stoker ya gina labarinsa ne da wasiƙu, da rubutun da mutanen ciki suke yi wa kansu kullum, da yankan jaridu, har da rajistar jirgin ruwan Demeter da ya kawo akwatuna hamsin na Dracula cike da ƙasa zuwa Ingila. Tun daga shafin farko, inda Jonathan Harker, lauyan da yake kan hanyarsa ta zuwa fadar Dracula, yake rubutu a garin Bistritz ranar 3 ga Mayu, ɗalibi yakan yi ta tuntuɓe da sunayen garuruwa da abinci da ƙabilun da bai taɓa ji ba, kuma a nan ne sharhin yake biyan kuɗinsa. Yana zaunar da mai karatu a cikin zamanin, ya gane cewa na'urar ɗaukar murya da Dakta Seward, wani likita a labarin, yake faɗa wa abin da ya wakana a yininsa, da tafiretar da Mina, matar Harker, take buga takardu da ita, sababbin kayan yayi ne a lokacin. Da zarar ɗalibi ya fahimci haka, sai ya ga cewa mutanen da suke taƙama da kimiyya ne suka yi karo da tsohon abin da kimiyyarsu ba ta san shi ba.

Wata ɗaliba da take karatun aikin jinya ta tambaye ni yadda aka yi maza huɗu suka ba Lucy, ƙawar Mina da Dracula ya sha wa jini, jininsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da an gwada kowa ba. Muka tsaya a kan wannan har ƙarshen darasi, domin sai a 1901, shekara huɗu bayan fitowar littafin, Karl Landsteiner ya wallafa bincikensa kan rukunonin jini. Haka kuma da yawa cikin ɗaliban sukan kira Dracula maye, sai mu zauna mu bambance mai kama kurwa da gawar da take tashi da dare ta sha jini. Abin da ya fi burge ni a aikin Klinger shi ne ya duba ainihin daftarin Stoker, ya nuna abubuwan da aka cire kafin bugawa, ciki har da wurin da fadar Dracula take rushewa a ƙarshe.

Sai dai akwai abin da ban gamsu da shi ba. Klinger ya zaɓi ya yi sharhinsa kamar abubuwan nan sun faru da gaske, kamar Stoker ya sauya wasu bayanai ne don a ɓoye gaskiya. Ya faɗi haka a fili tun a farko, kuma wanda ya san labarin zai ji daɗin wannan salo, amma ɗalibin da yake neman hujja don rubuta jinga ba kullum yake rarrabe bayanin tarihi da na ƙirƙira ba. Ƙari a kan haka, wasu bayanan suna tona abin da zai faru a gaba, wanda hakan yake kashe fargabar da ita ce gishirin labarin tsoro.

Saboda haka a zango mai zuwa ɗalibaina za su fara karanta bugun da ba shi da sharhi har ƙarshe, sannan in fito da na Klinger mu koma kan babi huɗu na farko, na zaman Harker a fadar, layi bayan layi.