Buga Pokémon GO a Katsina ba tare da datar wata-wata ba: Wi-Fi, datar aboki, ko ƙaramar data ta yini?

Ɗan'uwa, tambayar da ka kawo zauren nan ita ce ko za ka iya buga Pokémon GO, wasan waya da ake yawo a gari ana kama dabbobin almara ta hanyar jifansu da ƙwallo, ba tare da ka riƙa sayen data wata-wata ba, tunda akwai Wi-Fi a shagon da kake aiki a wajen Ƙofar Ƙaura, kuma wani ya gaya maka cewa GPS ba ya cin data. Wanda ya gaya maka haka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya faɗa, kuma a ɗaya rabin ne matsalarka take.

GPS tsari ne na taurarin ɗan'adam kimanin 30 mallakar gwamnatin Amurka, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200 suna watso sigina dare da rana. Wayarka tana karɓar siginar ne kawai, kamar yadda rediyo ke kama tasha ba tare da ya aika komai ba, kuma da zarar ta ji taurari huɗu ko fiye sai ta lissafa inda kake tsaye. Wannan aikin ba ya buƙatar kati, ba ya ma buƙatar layi a cikin wayar. Taimakon da data ke yi a nan shi ne ta sauko wa wayar bayanin inda taurarin suke cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan babu ita, wayar kan ɗauki mintuna tana lalube, musamman a ƙarƙashin rufin kwano ko cikin lungu mai dogayen katangu.

Shi kuwa wasan, wanda kamfanin Niantic ya fitar a watan Yulin 2016 kafin ya sayar wa Scopely da sashen wasanninsa a 2025, ba a cikin wayarka yake gudana ba. Dabbobin da ke bayyana, da tashoshin da ake kira PokéStop, da filayen karawa, da lissafin abin da ka kama, duk suna kan manyan kwamfutocin kamfanin, kuma kowace jifa da ka yi sai an aika musu sun tabbatar. Saboda haka wayar da ba ta da intanet ta san inda take sarai, amma ba ta da wanda za ta gaya wa. Sauko da taswirar Katsina a Google Maps ba ya canza wannan, domin wasan yana da tasa taswirar, wadda tun 2017 yake ɗaukowa daga OpenStreetMap. Abin da za mu kwatanta ke nan shi ne hanyoyin samun intanet ɗin, kuma guda uku ne suke gabanka.

Hanya ta farko ita ce dogaro da Wi-Fi na shago ko na gida kaɗai. Alfanunta a fili yake, ba ka kashe ko sisi, kuma sabis ɗin ya fi tsayawa wuri ɗaya, wanda ke da muhimmanci idan kana karawa da wasu a GO Battle League, inda katsewar daƙiƙa biyu kan jawo a ci ka. Illarta kuma ita ce an gina wasan ne a kan tafiya, shi kuwa Wi-Fi ba ya wuce 'yan mitoci goma-goma daga inda na'urar take, kuma kowace katanga tana rage masa ƙarfi. Kana tsallaka titi zuwa wurin mai shayi wasan zai tsaya yana juyi. Ana iya taɓa tasha daga nisan mita 80, kuma tana sake ba da kaya bayan minti biyar, don haka idan Allah Ya sa akwai tasha cikin wannan tazara daga shagonku, ka dace ƙwarai, domin ƙwallayen kamu ba za su yanke maka ba. Idan babu, to nan da 'yan kwanaki jakarka za ta bushe, sai ka koma jiran kyautar da abokan wasa ke aikowa. Kafin ka yanke shawarar komai, buɗe wasan kana zaune a shagon ka ga ko akwai shuɗiyar alama a cikin da'irar da ke kewaye da kai, domin amsar wannan ita ce ke ɗaga darajar wannan hanya ko ta kayar da ita.

Abin da ya sa ban raina hanyar Wi-Fi ba shi ne Adventure Sync, wanda aka ƙara a wasan a 2018, kuma mutane da yawa ba su kunna shi. Yana ba wasan izinin karanta takun da manhajar lafiya ta wayarka ta ƙirga, wato Google Fit ko Health Connect a Android, da Apple Health a iPhone, alhali wasan yana rufe. Ƙirga taku aikin na'urar da ke cikin wayar ne, ba ya neman intanet. Ke nan idan ka sa ƙwai a cikin abin ƙyanƙyasa da safe kana kan Wi-Fi, ka rufe wasan gaba ɗaya, ka jefa wayar a aljihun gaban riga, to tafiyarka zuwa masallaci, da aiken da maigida zai yi maka cikin kasuwa, da komawarka gida da yamma, duk za su taru, kuma za a zuba maka su idan ka sake buɗe wasan a kan Wi-Fi. Ƙwayayen, waɗanda tafiyarka ce ke sa su ƙyanƙyashe dabba, suna da na kilomita 2, 5, 7, 10 da 12, kuma na kilomita 7 daga kyautar abokai suke fitowa, wanda ke nufin mai zaune wuri ɗaya ma yana iya samun su. Akwai kuma ladan mako ga wanda ya cika kilomita 5, 25 ko 50. Sai dai ka kula da abu biyu: tsarin tsimin batir na wasu wayoyin yana kashe manhajar ƙirgar a ɓoye, don haka a cire ta daga cikin waɗanda ake takurawa, sannan tafiya a kan mashin ko Keke Napep ba ta shiga lissafi, domin wasan yana watsi da gudun da ya wuce kimanin kilomita 10 a sa'a.

Hanya ta biyu ita ce ka jona wayarka da datar aboki, ya buɗe maka hotsifot ku fita tare, ko kuma ku haɗa kuɗi ku sa data a ƙaramar na'urar MiFi. Ta wannan hanya wasan yana tafiya cikakke, kuma ya dace da yanayinsa, tunda manyan dabbobin da ake yi wa taron dangi ba sa faɗuwa a hannun mutum ɗaya. Amma ka zama ɗaure da mai datar: inda ya tsaya nan za ka tsaya, ranar da ba ya jin fita kai ma ka zauna. Wayarsa kuma za ta yi zafi ta zubar da caji da wuri, balle a zafin Afrilu, kuma a garin da ba kullum ake samun wuta ba wannan ba ƙaramin alheri ba ne da za a roƙa kowace rana. Ga kuma abin da ke ɓata zumunci, wayarka tana ganin hotsifot a matsayin Wi-Fi, sai ta saki jiki ta fara sabunta manhajoji da tura hotuna, kafin ku kai Ƙofar Soro datar bawan Allah ta tafi. Maganinsa shi ne ka shiga saitin wannan haɗin ka nuna wa wayar cewa mai awo ne. Idan kuma da allon hannu kake nufin yin wasan, ka sani cewa iPad mai Wi-Fi zalla ba shi da GPS a cikinsa, saboda haka zai riƙa cilla ka unguwar da ba ka je ba.

Hanya ta uku ita ce ƙaramar data ta yini ko ta mako, wadda ake saye ranar da za a fita kawai. Na san abin da ya sa kake gudunta, domin tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025 kowa yake lissafi. Sai dai a ganina ana ɗora wa wasan laifin da ba nasa ba. Abin da yake aikawa da karɓa a lokacin wasa ƙananan saƙonni ne, kuma sa'a guda ta yawo ba ta kai abin da 'yan mintuna na kallon bidiyo a TikTok ko Facebook ke lanƙwamewa ba. Nauyinsa yana wurin saukowa ta farko da sabuntawa da hotunan dabbobi, kuma waɗannan duk ana iya yin su a Wi-Fi na shago. A cikin saitin wasan akwai wurin da ake umartarsa ya sauko da dukkan kayansa lokaci guda. Ka gwada da kanka: danna *323# ka ga abin da ya rage maka, hana sauran manhajoji taɓa data ta bayan fage, yi wasa na sa'a ɗaya, sannan ka sake dubawa. Lambar *312# kuma ita ce ta sayen data a dukkan layukan Nijeriya.

Idan aka jera su ukun, Wi-Fi ya fi araha amma ya fi ƙunci, yana ba ka ƙyanƙyasa da karawa da buɗe kyauta, ya hana ka farauta. Datar aboki tana ba ka wasan duka amma da lokacin wani da cajin wani. Ƙaramar data ita kaɗai ce ke ba ka 'yancin fita sa'ar da ka ga dama. Da ni ne kai, sai in haɗa ta farko da ta uku, in bar Wi-Fi da Adventure Sync su ɗauki ranakun aiki, sannan in sayi ta yini sau ɗaya a mako in fita in cika jaka da ƙwallaye da kyaututtukan da zan aika wa abokai, domin wanda ba ya aikawa ba a daɗe ana aiko masa ba. Tashoshin kan kasance a wuraren tarihi da wuraren ibada da na taruwar jama'a, saboda haka ka fara duba cikin tsohon gari, wajejen Hasumiyar Gobarau da fadar Sarki da gidan tarihi, kafin sababbin unguwanni.

Wani zai zo ya ba ka shawarar manhajar da ke yi wa wasan ƙaryar wuri, wai ka zaga Tokyo kana kwance a ɗaki. Kada ka karɓa. Dokar kamfanin mataki uku ce, gargaɗi na kwana 7, dakatarwa ta kwana 30, sannan rufe asusu baki ɗaya, kuma irin waɗannan manhajojin da ake saukowa daga wajen Play Store hanya ce ta sace bayanan waya, wadda wataƙila manhajar bankinka ma tana ciki.

Ranar da za ka fita, ka tsaya a tsakar gida inda sama take a buɗe na minti ɗaya ko biyu GPS ya daidaita, ka ɗauki fawa-banki, domin allo da GPS tare suna shan batir fiye da yadda wasan ke shan data. Ka fita da safe ko bayan la'asar, a cikin gari, kuma kada ka tsaya bakin titi da waya a hannu kai a sunkuye, saboda masu fizge. Idan tasha ta faɗa a masallaci ko kusa da wurin jami'an tsaro, mita 80 ɗin nan ta ishe ka ka taɓa ta daga nesa, ka kuma kashe kyamarar wasan a irin waɗannan wurare don kada a zaci hoton mutane kake ɗauka.