Farantin sulken da ake sa wa yara a jakar makaranta: na saya, ga gaskiyar abin da na gani

Salam 'yan uwa. Tunda aka koma makaranta a watan Agusta iyaye mata ke ta tambayata a kan farantin sulken nan na tare harsashi da ake zurawa cikin jakar yara, wai yana da amfani ko asarar kuɗi ne kawai, musamman sababbin zuwa waɗanda yaransu suka fara makaranta bana a nan Texas. Toh bari in rubuta komai a wuri ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, don na duba da yawa daga cikinsu kuma kusan duk kanwar ja ce.

Mu a intanet muka yi oda, guda biyu, kowanne ya ɗan haura dala 100 banda haraji. Faɗinsa inci 11 tsawonsa inci 14, kamar babban littafin zane dai, kauri bai kai yatsa ba, an lulluɓe shi da baƙin yadi mai santsi wanda ruwa baya saurin ratsawa. Nauyinsa wajen rabin kilo, yarinyata ta aji uku ko lura bata yi an ƙara mata kaya ba. Ɗinkin yayi kyau gaskiya, yana lanƙwasuwa kaɗan saboda haka baya tokarar baya, kuma ya shige aljihun da ake sa kwamfuta a jakar yayanta daidai kamar don shi aka yi. Saƙon ma ya iso da wuri. In dai ta fannin ƙira da kyan aiki ne bani da abin cewa.

Damuwata tana wajen abin da yake iya tarewa. A jikin takardarsa an rubuta mataki IIIA, wannan ma'auni ne na wata hukuma da ake kira NIJ a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta Amurka, kuma abin da matakin yake nufi shine zai tare harsashin ƙaramar bindiga ta hannu, irin su 9mm har zuwa .44 Magnum. Harsashin doguwar bindiga irin AR-15 kuwa ratsa shi yake yi ya wuce, don gudunsa ya haura mita 900 a daƙiƙa ɗaya, ya ninka na fistol fiye da sau biyu, zaren Kevlar ɗin da aka jera a ciki bashi da ƙarfin riƙe shi. A shafin da muka saya wannan bayanin yana can ƙasa da ƙananan haruffa, sama kuwa hoton yara ne suna murmushi goye da jakunkuna, kuma wallahi wannan ya ɓata min rai sosai, domin uwar da tsoro ya kora ta zo saye ba lallai ta gangara har can ƙasa ba, balle wadda Turancin ma bai gama zauna mata ba.

Ku duba fa abin da ya sa muke sayen abin tun farko. Uvalde a nan Texas, 24 ga Mayu 2022, makarantar firamare ta Robb, an harbe yara 19 da malamansu mata 2 har lahira. Parkland a Florida, 14 ga Fabrairu 2018, mutum 17. Sandy Hook a Connecticut, 14 ga Disamba 2012, yara 20 'yan shekara 6 da 7 da manya 6. Duka ukun nan da bindiga samfurin AR-15 aka yi su. Wato hare-haren da suka fi hana mu barci, waɗanda bayan kowannensu cinikin irin wannan kaya yake tashi, sune daidai waɗanda farantin bazai yi komai a kansu ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, har yau in na tuna iyayen Uvalde a tsaye a waje suna roƙon 'yan sanda su shiga, jami'ai kusan 400 a wajen amma sai da aka shafe minti 77 kafin a shiga ajin, sai inji ƙirjina yayi nauyi.

Akwai faranti mai tauri na mataki III da yake tare harsashin doguwar bindiga, Abban yara ya duba shi, amma ya fi tsada nesa kuma mai sauƙin cikinsu ma ya ninka wannan nauyi sau biyu ko uku, na ƙarfe kuwa ya haura kilo 3, ki ɗora wannan a kan littattafai da gorar ruwa da kwanon abinci a bayan yarinya 'yar shekara 8, ai kafin ƙarshen zango kin jawo mata ciwon baya. Sannan ita NIJ ɗin da suke ta buga sunanta a jikin kwali ta fito ta faɗa cewa rigunan sulke na jami'an tsaro kawai take tantancewa ta ba shaida, bata ba jakar makaranta ko farantin jaka shaida. Abin da kamfanonin suke yi shine su kai kayansu wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a harba a gani, wasu suna nuna takardar sakamakon wasu ko ita babu. Namu sai da muka tura musu saƙo muka sake turawa kafin suka aiko mana da ita.

Amma abin da ya fi duk wannan, wanda mai talla bazai taɓa gaya miki ba, jakar bata jikin yaro a makaranta. 'Yan firamare suna shiga aji suke rataye jaka a ƙugiya a bango ko su tura ta cikin ɗan akwatinsu, manya kuma loka suke sawa, makarantu da yawa ma sun hana shiga aji da jaka gaba ɗaya. Lokacin cin abinci babu jaka, filin wasa babu jaka, banɗaki babu jaka. A atisayen ɓuya da ake musu malama kashe fitila take ta kulle ƙofa ta tara su a lungu suyi tsit, ba wanda zai bar yaro ya tashi ya tsallaka aji wai zai ɗauko jakarsa. Saboda haka in kika lissafa, farantin yana bayanta ne a motar makaranta da 'yar tafiyar da take daga bakin get zuwa aji, shikenan. Ga kuma dokar jaka mai nuna abin da ke ciki da gundumomi suke ta kawowa, Dallas ta fara tun 2022 bayan Uvalde kuma wasu makarantun a nan yankin Houston ma haka, baƙin faranti a cikin irin wannan jakar kowa yana gani kuma wasu shugabannin makaranta basa yarda da shi. Dan Allah ki kira ofishin makarantar ki tambaya kafin ki fitar da kuɗinki.

Sai batun zafi. Zaren Kevlar ɗin nan baya son zafi da laima, shi yasa yawanci garantin shekara 5 suke bayarwa, kuma kowa ya san yadda cikin mota yake komawa a Houston a watan Agusta in aka manta jaka a but. Ba'a wanke shi, ba'a ninke shi, in gorar ruwa ta tsiyaye a jaka sai a ciro a shanya a inuwa.

Abin da ya fi min wuya shine yi wa yaran bayani. Babban ya gane da kansa bai ce komai ba, ya karɓa ya sa. Ƙaramar ce ta tambaye ni, Mama wannan na menene, nace na kariya ne, tace kariya daga wa. Na rasa ta cewa wallahi. In baki koya wa yaro ya juyo da jakar gaba ya rufe ƙirjinsa ba toh farantin bashi da amfani, in kuma kika koya masa kin dasa masa hoton wani yana nuna shi da bindiga a ransa. Mu da muka taso a Arewa mun san wannan fargabar ta tura yaro makaranta kana addu'a ya dawo, mun ga Chibok mun ga Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga, shi yasa in 'yan uwa a gida suka ce min ai ku kun huta sai dai ince musu Allah ya kyauta kawai, kowa da irin tashi jarabawar.

Ni dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Ƙasar nan bindigogin da ke hannun farar hula sun fi mutanenta yawa, ƙiyasin 2018 ya nuna kusan miliyan 393, kimanin 120 ga kowane mutum 100, kuma tun 2020 bindiga ta wuce hatsarin mota ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa a Amurka. Yaron da yayi ta'asar Uvalde yana cika shekara 18 ya je shago ya sayi bindigoginsa bisa doka, alhali a dokar tarayya sai ka kai 21 shago zai sayar maka da fistol, giya ma sai 21. Florida ta ɗaga shekarun zuwa 21 makonni kaɗan bayan Parkland. A nan kuwa iyayen Uvalde sun yi ta sintiri zuwa majalisar jiha a Austin a 2023 suna roƙon wannan abu ɗaya, ƙudurin ya tsallake kwamiti amma ko ƙuri'a ba'a kaɗa a kansa a zauren majalisa ba. Tun 1 ga Satumba 2021 ma a Texas mai shekara 21 yana iya yawo da fistol ba lasisi ba horo. Kwana 3 kacal bayan Uvalde ƙungiyar NRA mai fafutukar kare 'yancin mallakar bindiga ta buɗe babban taronta na shekara a nan tsakiyar Houston, ba'a ko gama binne yaran ba. Dokar da Biden ya sa wa hannu a Yuni 2022 ta ƙara bincike a kan masu saye 'yan ƙasa da 21, madalla da ita, amma bata taɓa irin bindigar ba, haramcin da aka taɓa sa musu a 1994 ya ƙare tun 2004 ba'a sabunta ba. Birtaniya bayan an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996 ta haramta fistol, Ostareliya bayan harin bindiga na Port Arthur, shi ma a 1996, ta karɓe bindigogi kusan 650,000 ta biya masu su. Mu kuma an ce mu sayi faranti.

Bazan ce bashi da amfani kwata-kwata ba, zalunci ne in faɗi haka. Mafi yawan kisan bindiga a ƙasar nan da fistol ake yi. Harin makarantar Oxford a Michigan a 2021 da 9mm aka yi shi, na Santa Fe nan kusa damu a Mayu 2018 da aka kashe mutum 10 da bindigar farauta mai watsa harsashi da fistol ne. Ga ɗan sakandare ko ɗalibin jami'a da jakarsa take bayansa yini guda, yana hawa bas yana dawowa da dare, da babu gara ba daɗi. Shi yasa na yayanta yana nan a jakarsa, na ƙaramar kuma na cire na maida jakar Abbansu tunda shi aikin dare yake.

In kuɗin abu ɗaya kike da shi, ni shawarata ki nemi ajin Stop the Bleed. An ƙirƙiro shi ne bayan Sandy Hook aka ƙaddamar a 2015, asibitoci da ofisoshin kashe gobara da yawa suna koyarwa kyauta, awa ɗaya zuwa biyu ne, ana nuna miki yadda ake danne rauni, yadda ake cusa bandeji a ciki, da yadda ake ɗaure hannu ko ƙafa da ɗamarar tsayar da jini, don mutum yana iya rasuwa cikin mintuna kaɗan in babbar jijiya ta fashe tun kafin motar asibiti ta iso. Ɗamarar mai kyau wajen dala 30 ce, ki guji masu arha na jabu don tsinkewa suke. Mu mun je da wasu matan masallacinmu, ma'aikaciyar jinyar da ta koyar damu tayi haƙuri da tambayoyinmu ƙwarai, kuma wannan ilimin ko hatsarin mota ne ko yankan wuƙa a kicin zai miki amfani. Dokar Texas ta 2019 ta wajabta wa makarantun gwamnati ajiye kayan tsayar da jini, ki tambaya a makarantar yaranki ina suke ajiyewa kuma wa aka koya wa.

Sannan ki cire kunya ki riƙa tambaya kafin yaronki ya je gidan aboki, kuna da bindiga a gidan, a kulle take? Binciken da hukumar tsaro ta Secret Service ta fitar a 2019 ya nuna wajen kashi 3 cikin 4 na ɗaliban da suka kai hari da bindiga a makaranta daga gidan iyayensu ko na ɗan uwa suka ɗauko ta, na Santa Fe ma na babansa ne. Da farko nauyin tambayar nake ji irin namu na Hausawa, amma maƙwabta na nan basa ɗaukar ta da zafi, ɗaya har ya kai Abban yara gareji ya nuna masa akwatin ƙarfen da yake kullewa.

Farantin na bashi 2 cikin 5, ɗaya don kyan ɗinki ɗaya don fistol ɗin da yake tarewa. Wadda duk ta yanke sai ta saya, ta auna aljihun jakar tukunna, ta nemi takardar gwaji kafin ta biya, ta duba ranar da aka ƙera shi a jikin lakabin don shekara 5 ɗin daga nan wasu kamfanonin suke fara lissafi ba daga ranar da kika saya ba, kuma ta karanta sharaɗin maidawa da kyau, namu in an yage ledar basa karɓa.